Kishi: Daga Ina Ya Ke Tasowa?

Mutanen da sun ce, kishi kumallon mata. Ba wanda bai san wannan karin magana ba a ajin nan. Maza kan faɗe ta da dariya, mata kuwa su kau da kai. To, yau za mu zauna mu dube ta da kyau, gama akwai gaskiya cikinta, akwai kuma abin da ta ɓoye.

Tun da fari mu raba kalmomi biyu waɗanda a kan cuɗa su. Hassada dabam, kishi dabam. In maƙwabcinka ya sayi shanun huɗa, kai kana nan da garmar hannu, ka ji zuciyarka ta yi baƙi, wannan hassada ce. Mutum biyu sun isa a yi ta, kai da shi. Kishi kuwa ba ya tashi sai da mutum uku: kai, da wanda ka ke so, da wani na uku wanda ka ke jin zai janye maka shi. Mai hassada yana kwaɗayin abin da bai samu ba. Mai kishi yana tsoron rasa abin da ke hannunsa. Ku riƙe kalmar nan, tsoro, domin ita ce gindin darasin duka.

Daga kalmar kishi a ka sami kishiya. Har matar wa da matar ƙane a kan ce suna kishin sauri. Saboda haka in an ambaci kishi sai hankalinmu ya tafi cikin gida wurin mata. Amma bari mu koma baya tukuna, tun kafin a kai ga maganar aure.

TUN DAGA GOYO

Kowace uwa ta san abin da yaro kan yi sa'ad da a ka yi masa ƙane. Yaron da ya daɗe da iya tafiya sai ya ce a goya shi. Wanda a ka yaye ya koma neman nono. Wani ma in ya ga ba idon kowa sai ya mintsini jaririn. Ba wanda ya koya masa wannan.

Masana sun lura da haka su ma. A shekarar 1877 wani masanin Ingila, Charles Darwin, ya ba da labarin ɗansa na cikinsa. Ya ce yaron yana da wata 15 da rabi ya nuna kishi a fili, sa'ad da ya ga ubansa yana rarrashin wata babbar 'yar tsana. A shekarar 2002 kuma, a Teksas ta ƙasar Amurka, wata malama mai suna Sybil Hart ta gwada jarirai 'yan wata 6. An ba uwa littafi ta yi ta dubawa, jaririnta yana kallo. Sa'an nan a ka ba ta 'yar tsana mai kama da jariri ta yi ta yi mata wasa. Jariran sun fi ɓata rai ƙwarai lokacin 'yar tsanar. Ashe ba kau da idon uwa kaɗai ya dame su ba. Abin da ya fi damunsu shi ne wani ya shiga wurinsu.

Har dabba ba a bar ta a baya ba. A shekarar 2014 wata malama, Christine Harris, ta gwada karnuka 36 a Kalifoniya. Mai kare ya kan share nasa karen, ya yi ta shafa wani karen wasa wanda a ka yi shi yana haushi yana kaɗa wutsiya. Yawancin karnukan su ka zo suna ture mai su ko suna taɓa shi. Kashi ɗaya cikin huɗu har kai wa karen wasan cizo su ka yi. Da mai karen ya koma karanta littafi, kaɗan ne su ka kula.

Tun da mun ambaci kare, bari mu yi misali da shi. Kishi kamar karen gadi ne a ƙofar zuciya. Aikinsa ya yi haushi in ya ji motsi. Amma kare ba ya rarrabe motsi. Ya kan yi wa ɓarawo haushi, ya yi wa baƙo, ya yi wa inuwar kuka in iska ta kaɗa ta. Maigida mai hankali ba ya kashe karensa, ba ya kuwa harba kibiya cikin duhu don ya ji haushi. Fitila ya kan ɗauka ya fita ya duba.

KUMALLON

Inda karin maganar ta yi gaskiya shi ne wajen kumallo. Kishi ba a tunani kaɗai ya ke tsayawa ba, ya kan sauka cikin jiki. Bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan nama ƙarami. In mutum ya tsorata, naman nan ya kan zuba wani ruwa cikin jini, likitoci suna kiransa adiranalin. Nan da nan zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe. Jini ya bar wajen ciki ya tafi hannuwa da ƙafafu, don jiki ya yi shirin faɗa ko gudu. Shi ya sa mai kishi kan ji cikinsa ya juya, abinci ya fita masa a rai, barci ya ƙi zuwa. Irin abin da za ka ji ke nan in ka taka maciji da dare.

Ga abin lura. A wannan hali mutum ba ya auna magana daidai. Jiki ya riga ya yanke cewa akwai abokin gaba, saura kawai a nemo shi.

WAYAR DA TA YI ƘARA DA DARE

A wani ƙauye da mu ka taɓa sauka wurin rangadi akwai wani manomi da matarsa ɗaya. Shekara tara suna tare, 'ya'yansu huɗu. Shi da kansa ya saya mata wayar hannu bayan ya sayar da wake. Wata rana da rani, bayan lisha, wayar ta yi ƙara. Matar ta ɗauka, ta zaga bayan rumbu, ta yi magana ƙasa ƙasa, har ya jiyo dariyarta. Da ta komo ya ce, "Ke da wa?" Ta ce, "Ba kowa, Malam." Ta shige ɗaki.

Mu tsaya nan mu ware abu uku. Akwai abin da ido ya gani. Akwai abin da zuciya ta karanta. Akwai abin da hannu ya aikata. Idonsa ya ga mace ta amsa waya a bayan rumbu, iyakar abin da ya gani ke nan. Zuciyarsa kuwa ta karanta cewa akwai wani namiji. Ku lura, na biyun ba gani ba ne, zato ne. Amma ga mai kishi su biyun su kan haɗe su zama ɗaya, har ya rantse ya gani.

Bai sake tambayarta ba. Sai ya shiga tara shaida. Ta yi lalle, ya ce don wancan ne. Ta ɗaura sabon kallabi, ya manta ta ɗauki adashi a makon. Ta daɗe wurin ɗibar ruwa, bai tuna rani ne layi ya yi tsawo ba. In ta yi fara'a, ya ce murnar wancan ce. In ta yi shiru, ya ce tunaninsa ta ke yi. Kun gani? Ba abin da za ta yi wanda zai wanke ta. Haka zato ya ke. In ya shiga zuciya ya kan tsinci duk abin da ya dace da shi, ya zubar da sauran, kamar mai tankaɗe wanda ke ajiye tsaki yana zubar da gari.

Ya fara duba wayar in ta yi barci. Ranar da bai ga kome ba sai hankalinsa ya ɗan kwanta, kashegari ya sake dubawa. Wannan kamar susar ƙazwa ce, da daɗi lokacin da a ke yi, bayan nan gyambo. Masana a Kanada sun ga irin wannan a shekarar 2009 cikin ɗaliban jami'a masu bin sawun masoyansu a Facebook: dubawa tana ƙara zato, zato yana ƙara dubawa. Ita ma matar ta lura mijinta ya sake. Ya daina hira, kullum fuska a murtuke. Sai ta fara kaffa kaffa da shi, ta rage magana. Shi kuma ya ce, to, ga ta nan tana guduna. Watau da hannunsa ya haƙa ramin da ya ke tsoron faɗawa.

Ran nan ya kira lambar. Wani namiji ya yi sallama. Bai jira kalma ta biyu ba ya kashe. Da gari ya waye ya sa a ka rubuta mata takarda.

Sai da damina ta faɗi gaskiya ta fito. Ƙanen matar ya komo daga cin rani a Legas, ya aiko da buhun taki biyu ƙofar gidan. Shi ne mai lambar. Yayarsa ce ta roƙe shi ya taimaki mijinta, gama bara bai sami taki ba gero ya ƙi. Ta ɓoye ne don kada mijin ya ji kunyar a ce surukinsa ke ciyar da gonarsa. Bayan rumbu kuwa, nan ne kaɗai waya ke kamawa sosai a gidan, shi ma ya sani. Ya tura dattawa biko. Amma idda ta riga ta cika, sai da yardarta. Ta ce a gaya masa, saki bai yi mata ciwo kamar abin da ya zata a kanta ba. Ba ta koma ba.

Ba mu ce matar ba ta da nata kuskuren ba. "Ba kowa" amsa ce mai ciyar da zato, ko da niyya ta gari a ka faɗe ta. Amma tsakanin daren farko da ranar takarda kwana ashirin ne da wani abu, kuma cikinsu duka bai buɗe baki sau ɗaya ya ce, "Abin nan ya tsaya mini a rai, gaya mini" ba. Me ya hana shi? Girman kai ne a sama, tsoro a ƙasa. Namiji ya fi yarda a ga fushinsa da a ga tsoronsa.

KISHIN MAZA

Nan ne karin maganarmu ta yi ɓoyo. Maza suna kishi kamar yadda mata ke yi, sai dai mu kan sake masa suna. Na mace a ce kishi, na namiji a ce kare mutunci.

Ko akwai bambanci tsakaninsu? A shekarar 1992 wani malami, David Buss, ya tambayi ɗalibai a jami'ar Mishigan ta Amurka: wanne ya fi ciwo, abokin zamanka ya kwana da wani, ko ya ba wani zuciyarsa? Cikin maza 100, kimanin 60 su ka zaɓi na farko. Cikin mata 100, kimanin 83 su ka zaɓi na biyu. Ya ce dalili shi ne namiji yana tsoron renon ɗan da ba nasa ba, mace kuwa tana tsoron a kwashe kulawa da abinci a kai wani ɗaki. Ba duk masana su ka yarda ba. Christine Harris, mai karnukan nan, ta tambayi mutanen da a ka taɓa ci wa amana da gaske, ta tarar maza da mata ciwonsu ya yi kusa da juna. Mu a ganinmu amsar ɗalibi a kan takarda dabam ta ke da ta wanda abin ya faɗa wa.

Inda bambanci ya ke a fili shi ne wajen ɓarna. Mu kan ji labarin kishiya ta watsa wa kishiya ruwan zafi, gari duka ya ɗauka, kuma lalle mugun abu ne. Amma wasu masana biyu na Kanada, Martin Daly da Margo Wilson, sun bincika takardun 'yan sanda da na kotuna na ƙasashe dabam dabam, su ka ga kishin miji yana kan gaba cikin dalilan da ke sa a kashe matar aure, musamman in ta ce za ta tafi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata da 'yan mata wajen 51,100 ne su ka mutu a hannun mazansu, ko samarinsu, ko danginsu. Ba duka kishi ya jawo ba, amma yana da babban kaso. Saboda haka yarinyar da ke alfahari wai saurayinta ya mari wani don ya gaishe ta, ta sake tunani. Hannun nan wata rana kanta zai sauka.

ME YA SA NA WANI YA FI NA WANI?

Mata biyu a gida ɗaya, miji ɗaya, abinci ɗaya, ɗaya tana barcinta lafiya, ɗaya tana kasa kunne ta ji ƙofar wa a ka buɗe. Wani ɓangare na amsar yana can cikin ƙuruciya. A 1954 da 1955 wata malama, Mary Ainsworth, ta yi ta ziyartar gidaje a ƙauyukan da ke kusa da Kampala ta ƙasar Yuganda, tana duban iyaye mata da jariransu. Ta ga jaririn da ya tabbata uwarsa za ta zo in ya yi kuka, shi ne ke sakin zanenta ya rarrafa ya yi wasa. Wanda bai tabbata ba ya kan maƙale mata, ga yawan kuka. A 1987 wasu masana biyu a Amurka, Hazan da Shaver, su ka tarar manya ma haka su ke cikin soyayya. Wajen mutum 1 cikin 5 na waɗanda su ka tambaya kullum suna fargaban za a bar su, kuma irin waɗannan kishi ya kan yi musu yawa.

Wanda a ka taɓa yaudara shi ma karensa ya kan zama mai saurin haushi. Haka wanda ke ganin kansa bai kai ba: mijin da jarinsa ya karye, matar da ba ta haihu ba a ka yi mata amarya. Wannan ba tabon da ba ya gogewa ba ne. Zama da mutum mai cika alkawari, shekara da shekaru, ya kan kwantar da shi.

IN KAREN YA YI GASKIYA

Kada wani ya fita ajin nan ya je ya ce wa matarsa, an ce kishinki zato ne. Sau da yawa ɓarawon yana nan da gaske. Gidan da a ka san wace ce mowa wace ce bora, har yara sun sani, ba zato a ke yi ba. Mijin da ya shigo da tsire cikin aljihu ya wuce ɗakin mai girki, kada ya yi mamakin habaicin da zai ji gobe a bakin turmi.

Kakanninmu sun san haka, shi ya sa su ka kafa rabon kwana, bibbiyu a yawancin gidaje, mai kwana ita ke da girki. Shi ya sa a ke yi wa uwargida kayan faɗar kishiya kafin amarya ta tare. Amfanin waɗannan ba a zane ko a tukunya ya tsaya ba. Suna gaya wa mace cewa wurinta yana nan, ta san abin da zai zo gobe. Tsoro ba ya son kome kamar rashin sani. Miji ya yi boyon aurensa har uwargida ta ji a bakin mai kitso, sa'an nan ya ce ta cika kishi, wannan shi ya kunna wutar.

To, yaya a ke fita da fitila? Da fari a jira jiki ya huce. Masana zaman aure sun ce a ba shi ko da minti 20, watau kamar zuwa rijiya a komo. Sa'an nan a sami lokacin da ba yara, ba kishiya, ba uwar miji. A faɗi abin da ido ya gani, a bar abin da zuciya ta karanta. Dubi bambancin maganganun nan biyu. Ta farko: "Na san ka daina so na tun da ka kawo ta." Ta biyu: "Maigida, kwana uku ke nan ba ka zauna ka ci tuwona ba, abin yana damuna." Ta farko ƙara ce, sai ya tashi kare kansa. Ta biyu tana da amsa. In magana ta ƙi tsakanin biyu, a nemi babba ɗaya mai riƙe asiri daga kowane ɓangare. A guji ƙawar da kullum ita ke kawo rahoto, da bokan da zai ce lalle an yi miki asiri, gama shi abincinsa ke nan.

WANDA YA ZAMA CUTA

Akwai wani irin kishi wanda magana ba ta yi masa magani. Mutum ya tabbata matarsa tana cin amanarsa, ba shaida ko ɗaya. Ya kulle ƙofa, ya share tsakar gida don ya ga sawu da safe, ya tashe ta tsakar dare ya ce sai ta amsa laifi. In ta rantse ya ce ƙarya ne. In ta gaji ta amsa don a bar ta, abin ya ƙara muni. A shekarar 1955 likitoci biyu na Ingila, Todd da Dewhurst, su ka sa wa wannan suna cutar Otelo. Otelo sunan wani sarkin yaƙi ne cikin wasan Shakisfiya, wanda ya kashe matarsa marar laifi saboda zugar wani da ɗan hankici guda.

Yawan shan giya ya kan jawo ta, haka wasu miyagun ƙwayoyi, da ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da ruɗewar tsufa. Mata ma su kan kamu. Wannan aikin likita ne. Akwai asibitocin masu taɓin hankali a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma ma'aikacin asibitin da ke kusa da ku zai iya ba da takardar zuwa. In mai wannan hali ya fara duka, ko ya ambaci kisa, ko ya kwana da wuƙa ƙarƙashin tabarma, kada iyaye su ce wa 'yarsu ta koma ta yi haƙuri. A ɗauke ta da 'ya'yanta tukuna, a gaya wa mai unguwa, sa'an nan a yi maganar magani.

Kafin aji mai zuwa, kowa ya ja layi a tsakiyar shafi. A dama ya rubuta abu uku da manomin nan ya gani da idonsa. A hagu ya rubuta abin da ya zata a kan kowanne. Ku zo da shi mu karanta tare.